Baƙon Intalla

Harisu na cikin ɗaure buhunan gishiri a bayan motarsa, bakin igiya a haƙori, sai ya ga inuwar mutum ta tsaya a gefen taya. Ya ɗaga kai. Haula ce, matar maƙwabcinsa Mamani, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda duk Dakoro ke kira Mushe kamar yadda ake kiran malaman boko. Mayafinta a karkace yake, waya a hannunta. Shekara huɗu ke nan ba ta tako ƙofar gidansa ba, shi ma bai taka tasu ba.

"Baban Rahinatu, ina kwana."

Ya cire igiyar daga baki. "Lahiya lau."

"Mushe ne ya faɗi. Wani mutum ya kira ni yanzu da wayarshi, ya ce tun shekaranjiya ya faɗi cikin aji, yana gidanshi kwance. Wani zango ne can bayan Korahane. Sai yau ya hau tudu ya samu rezon waya."

"Wane ne mutumin?"

"Intalla ya ce sunanshi. Ban san shi ba. Shi kanshi Mushe ban jin ya san shi kafin wannan mako." Ta gyara mayafinta. "Na je likita, motar asibitin ta tahi Maraɗi da mai naƙuda. Ɗanmu Amiru yana Yamai, ko yanzu ya taso sai gobe. Na je tasha, an ce kai kaɗai ke bin wannan hanya da kaya."

Ya dubi buhunan da ya kwashe tun asuba yana lodawa, ya dubi ƙofar zaurensa, inda Lami matarsa ta leƙo da tsintsiya a hannu ta tsaya cik. Sai ya sa hannu ya fara kwance ƙullin da ya gama yi.

"Kawo katifa da matashi," ya ce.

"Bari in ɗauko takalmina in bi ka."

"A'a. Ki tahi likita ki jira mu, ki sa majo, babban mai jinya, ya shirya gado. Kafin azahar muna nan."

Ta tsaya kamar za ta yi musu, sannan ta juya. Shi kuwa ya san ba don gadon ya faɗi haka ba. Ba ya son ya yi awa biyu a gaban mota da ita a gefensa, babu abin da zai ce mata.

Da ya bar gari ya sauka daga hanyar laterit mai jar ƙasa ya shiga rairayi, rana ta riga ta fara cizo. Tsakiyar bazara ce, gonaki fayau, sai kututturan gero da ƴan aduwa nan da can. Motar na nishi, shi kuma zuciyarsa ta koma inda ta saba komawa duk lokacin da yake tuƙi shi kaɗai.

A da babu wanda ya kai su shiri a unguwar. Tare suke zuwa masallaci, tare suke shan shayi da yamma. Ranar sunan Rahinatu, Mamani ne ya riƙe ragon. Da ta girma ta samu aikin koyarwa na kwantaragi a wani ƙauye kusa da garin Mai Yara, sai Harisu ya ji ya sauke kaya, domin mijinta ya tafi Libiya, tun wata na shida aka daina jin labarinsa, ga ƴaƴa biyu. Sannan aka zo da maganar tantance malamai. A lokacin Mamani kwanseye ne, aikinsa shi ne bin lakwal-lakwal yana zama bayan aji yana duba yadda ake koyarwa, yana rubuta abin da ya gani. Rahinatu ta yi jarrabawa ta samu uku bisa ashirin. Aka ce waɗanda kwanseye ya yi wa kyakkyawar shaida za a iya ba su wata dama. Harisu ya shiga gidan Mamani da yamma, ya cire hula ya ajiye a gwiwa, abin da bai taɓa yi wa kowa ba, ya roƙe shi.

"Sau biyu na zauna ajinta, Harisu," in ji Mamani a ranar. "Yara saba'in ne a gabanta. Abin da ta rubuta a allon tablo, ita kanta ba ta iya karanta shi daidai ba. Ban iya sa hannuna in ce ta iya."

Aka sallame ta. Ta yi wata takwas a gida tana kallon bango, sannan ta bar yaran wa Lami ta tafi Agadas, inda take dafa abinci a bakin tasha. Tun daga ranar, gaisuwar Harisu da Mamani ta koma ɗaga hannu daga nesa, daga baya ma hannun ya daina tashi.

Bara Mamani ya ajiye aiki. Kowa ya zaci zai zauna ya huta da hawan jininsa. Amma duk ranar Lahadi da yamma sai Harisu ya ji tashin babur ɗinsa, ya ɗaura jaka da tabarma ya nufi daji, sai Juma'a ko Asabar ya dawo. An ce ƙauyuka yake bi, duk inda magariba ta same shi sai ya yi sallama a ƙofar da ya fara gani ya kwana, da safe ya tafi lakwal ɗin wurin. Harisu yakan ce wa Lami, "An raba shi da alƙalami, amma bai gaji da neman wanda zai kora ba."

Harisu ya wuce Korahane, ya tambayi wasu mata a bakin rijiya, suka nuna masa da haɓa. Zangon ɗan ƙarami ne, gidajen ƙasa biyar ko shida, sauran bukkoki, da garken awaki kwance a gindin wata aduwa. Can gefe rumfar zana ce mai ƙofa ɗaya, wadda ita ce lakwal. Tun kafin ya kashe mota wani dogon dattijo ya fito, rawaninsa baƙi, amawali ya rufe masa baki da rabin hanci.

"Kai ne ɗan'uwanshi?"

"Maƙwabcinshi ne ni. Harisu."

"Ni ne Intalla. Sannu da hanya. Sha ruwa tukuna."

Murfin gaban motar na fitar da tururi. Harisu ya ɗaga shi ya bar injin ya sha iska, domin ya san ko ya so juyawa nan take, sai ta huce an zuba mata ruwa. Yana shan ruwan da aka kawo masa a ƙwarya, Intalla na ba shi labari da Hausarsa mai nauyi.

"Lahadi ya zo, rana ta kusa faɗuwa. Ya yi sallama, ya ce ina mushen lakwal yake kwana. Na ce ɗakin mushe ko shi kaɗai ƙafarshi na taɓa ƙofa, shigo nan. Ban tambaye shi sunanshi ba sai da ya kwana biyu. Ba ya cin abinci da yawa. Nono yake so. Laraba da hantsi yara sunka sheƙo, sunka ce baƙonka ya faɗi."

"Ba ku kai shi likitar Korahane ba?"

"Mun sa shi amalanke. Ba mu yi nisa ba ya kama amai, idonshi na juyawa, munka dawo. Na aika aka ɗauko mai allura a babur. Ya auna shi, ya ce tansiyo ne, hawan jini, ya taɓa kai, a kai shi Dakoro. Wayarshi kuma ba wuta, sai jiya mushen lakwal ɗinmu ya samu ya sa mata."

Ya faɗi sauran a taƙaice, yana kallon ƙasa. Matarsa Raudatu ce ke ba baƙon kunu da ludayi. Shi kuma shi ke juya shi, shi ke wanke shi idan ya ɓata shimfiɗa.

Suna isa ƙofar ɗakin Harisu ya ji murya a ciki, ana karatu a hankali, ana tsayawa, ana komawa. Ya zaci Yasin ake karanta wa mai ciwo. Da ya sunkuya ya shiga, idonsa ya saba da duhun, sai ya ga ba haka ba ne. Wani mutum ne mai kimanin shekara arba'in, da furfura a gemu, zaune a ƙasa da littafin Faransanci na ƴan ajin farko, yatsansa a kan layi. Mamani na kwance a gadon kara, an tokare masa kai da tsumma. Bakinsa ya karkace hagu, hannun hagun yana yashe a gefe kamar ba nasa ba. Duk lokacin da mai karatun ya yi kuskure, sai ya ƙwanƙwasa gefen gadon da yatsan dama, mutumin ya koma farkon layi.

Mamani ya juyo da ido. Ya daɗe yana kallon Harisu.

"Kai aka turo," ya ce. Maganar na fita da ƙyar, tana jan ƙafa, amma ana fahimta.

"Ni na zo. Ya jikin?"

"Ga shi nan."

Mai karatun ya rufe littafin ya miƙe, ya gaishe da Harisu, ya ce sunansa Bubakar, shi ne malamin zangon. Ya ce zai taya shi ɗebo ruwan mota. A hanyar rijiya, ba tare da an tambaye shi ba, ya fara magana kamar wanda abin ya cika wa ciki.

"Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa, Malam Harisu. Jarrabawar nan ta tantancewa da ƙyar na tsallake. Tun da aka turo ni nan ba wanda ya taɓa zama bayan ajina. Litinin da safe sai ga shi. Ya hito da yarana gindin itace ɗaya bayan ɗaya, su tamanin da uku, ya ba su layi biyu su karanta. Shida sunka iya. Wasu shekara huɗu suna zuwa." Ya sauke guga cikin rijiya. "Na ce to, tawa ta ƙare, ya rubuta ya kai. Sai ya ce shi yanzu ba shi da takardar da zai rubuta kowa. Ya ce da safe zai zauna bayan aji, da marece kuma ni zan zauna gabanshi. Ina da ƴaƴa biyar, amma sai wannan mako aka nuna mani yadda ake haɗa harafi da harafi a bakin yaro. Ni haddace masu nike sa su yi, kamar yadda aka yi mani."

Harisu ya karɓi gugar ya juye a jarka. Ruwan ya zuba a ƙafarsa.

"Tun jiya da bakinshi ya ɗan buɗe ya ce in kawo littahin," in ji Bubakar. "Na ce ya huta. Ya ce saura darasi biyu."

Aka zuba wa mota ruwa, amma injin bai gama hucewa ba. Intalla da Bubakar suka tsaya shimfiɗa katifa a baya, suna ɗaura zani a kan ƙarafuna don inuwa. Harisu ya koma ɗakin don ya tattara kayan mai ciwon. Babu yawa: jaka, tabarma, buta, da wasu kaye, wato littattafan rubutu, guda huɗu da aka ɗaure da roba. Ya durƙusa yana cusa su, bayansa ga gadon. Bai yi niyyar magana ba. Ita ce ta fito da kanta.

"Wanga kana koya mashi. Wanga da ba ka san ubanshi ba."

Ƙuda na yawo a bakin ƙwaryar kunu.

"Zo nan, Harisu. Ban iya ɗaga murya."

Ya matso, ya zauna a inda Bubakar ya tashi.

"Rahinatu ba ta iya ba," in ji Mamani. Yana magana yana hutawa. "Ko yau aka sake ba ni takardar, abin da zan rubuta ke nan. Ba a nan na yi kuskure ba."

Harisu ya kawar da kai. Ya yunƙura zai tashi, yatsun dama suka kama bakin rigarsa.

"Na zaci in an cire wanda bai iya ba, za a kawo wanda ya iya. Na koma ƙauyen nan bayan shekara. Ajinta, awaki ne a ciki. Shekara biyu ba a turo kowa ba. Yaran saba'in, ko ɗaya bai koma ba." Ya rufe ido, ya buɗe. Miyau ya gangaro ta gefen bakin da ya karkace. "Ga ni nan ina tahiyar awa uku, ina kwana gidan mutanen da ban sani ba, don in koya wa malami karatu. Ita kuwa wata takwas tana zaune, ina jin tarinta daga tsakar gidana. Ban taɓa cewa a turo mani ita da kaye ba. Da wata shida ya ishe ta. Tana da kai."

"Mi ya hana ka?"

"Ka daina gaishe ni. Na ji haushi. Na ce sai ka fara zuwa." Ya yi wani abu mai kama da dariya, rabin fuskar kawai ta motsa. "Shi ke nan dalilin. Babu wani."

Harisu ya zauna yana kallon ƙasan ɗakin. Ya ga Rahinatu a ranar da ta tafi, da ƙullin kaya a ka, ƙaramin ɗanta na riƙe da zanenta sai da Lami ta ɓamɓare yatsunsa. Ya san abin da ake cewa a irin wannan wuri, kalmomin yafiya ne uku ko huɗu, ya sha faɗa wa mutanen da ba su kai Mamani ba. Suka zo masa har maƙogwaro suka tsaya. Ya ce a ransa, bari mu isa Dakoro, a sa masa ruwa a jiki, ya dawo hayyacinsa, sai mu yi maganar a zaune. Ya sa gefen hannun rigarsa ya share masa miyan.

"Mu tahi," ya ce. "Rana na yi."

Su uku suka ɗauke shi a kan tabarma. Ya fi yadda Harisu ya zata rashin nauyi. Yaran lakwal sun fito daga rumfa sun yi cirko-cirko a rana. Raudatu ta miƙo gorar nono daga bayan zana, ta ce ko zai nema a hanya. Bubakar ya sa ƙafa zai hau bayan motar, Mamani ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa.

"Ina za ka?"

"In raka ka, Mushe."

"Yau Juma'a. Akwai aji har sha biyu. Koma."

Bubakar ya sauke ƙafarsa. Ya tsaya riƙe da ƙarfen har sai da motar ta fara motsi.

Intalla kuwa ya riga ya hau, ya harɗe ƙafa, ya ɗora kan mai ciwon a cinyarsa. Harisu ya leƙo ta taga ya ce masa ya sauka ya huta, ya yi abin da ya fi ƙarfin a gode masa.

"Baƙona ne," in ji Intalla. "Ban miƙa shi a ƙohwar gida kamar kaya. Sai na sada shi da iyalinshi."

Hanyar dawowa ta fi ta zuwa wuya, domin dole a bi a hankali saboda girgiza, kuma rairayi ba ya son mai tafiya a hankali. Bayan Korahane, a wani kwari, tayoyin baya suka nutse. Harisu ya sauko da shebur, ya haƙa, ya karyo rassan sabara ya cusa, ya hau ya taka, motar ta ƙara nutsewa. Ya sake sauka. Rana na tsakiyar ka, ƙarfen motar ba ya taɓuwa. Zanin da aka ɗaura ya zame, sai Intalla ya buɗe babbar rigarsa da hannu biyu ya yi wa Mamani rumfa da ita, ya zauna a haka ba ya motsi. Harisu na ƙarƙashin mota yana jin numfashin maƙwabcinsa daga sama, yana shiga da ƙara yana fita da ƙara. Kusan awa guda suka yi kafin motar ta fita.

Daga nan ya daina tausaya wa girgiza. Ya taka iya ƙarfinta. Sun hau laterit, har ya fara hango dogayen ƙarafunan waya na Dakoro, sai ya ji an buga rufin motar sau biyu da tafin hannu. Ya tsaya a gefen hanya. Bai kashe injin ba, ya fito ya zagayo.

Intalla ya riga ya rufe masa ido, ya ɗaure masa haɓa da ƙyallen da ya yaga daga bakin rawaninsa.

"Tahi a hankali yanzu," ya ce. "Babu sauri."

Harisu ya dafa ƙarfen motar, bai ji zafinsa ba. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya tsaya. Wata babbar mota ta wuce su ta bar su cikin jar ƙasa. "Ya ce wani abu?"

"Ya tambaya ko har yanzu kai ke tuƙi. Na ce kai ne. Na yi mashi kalmar shahada, ya bi ni har ƙarshe. Shi ke nan."

Haula na tsaye a ƙofar likita, a ɗan inuwar katanga, da kwanon kunu a naɗe cikin tsumma. Ta taho da sauri da ta hango motar. Da ta ga tafiyar da motar ke yi, sai saurin nata ya ragu, har ta tsaya. Harisu ya sauko. Ya shirya maganar tun daga bakin gari, amma da ya zo gabanta ba ta jira ya faɗa ba. Ta dube shi, ta dubi dattijon da ba ta sani ba zaune a baya da kan mijinta a cinya.

"Yaushe?" ta ce.

"Yanzu. Muna hango gari."

Ta gyaɗa kai a hankali. "Da na bi ka, da na same shi."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, ba ta ma kalle shi ba. Ta durƙusa ta ajiye kwanon a ƙasa, ta gyara masa zama don kada ya zube, sannan ta rufe fuska da mayafi.

Saboda zafi ba a jira Amiru ba. Bayan la'asar aka yi wa Mamani sallah a ƙofar gida. Mutane sun taru fiye da yadda Harisu ya zata, har da wasu da ba ƴan gari ba, waɗanda labari ya riska a kasuwa: wani daga Ɗan Gulbi ya ce mamacin ya kwana uku a zaurensa bara, wani ya ce a rumbunsa ya kwana saboda ruwa. Yawancinsu ba su san yana da ɗa a Yamai ba, wasu ko sunansa na yanka ba su sani ba. Da liman ya juyo ya ce duk wanda ke da wani abu tsakaninsa da wannan bawan Allah ya yafe masa, sahu ya amsa gaba ɗaya. Harisu ma ya amsa. Muryarsa ta shige cikin ta jama'a, shi kansa bai ji ta ba.

Da aka dawo daga maƙabarta ya koma bayan motarsa ya kira Rahinatu. Sai da ta yi ƙara sau uku ta ɗauka. Yana jin hayaniyar tasha, da ƙarar cokali a kan tukunya.

"Baba, lahiya?"

"Mushe Mamani ya rasu. Yanzu munka rufe shi."



"Allah ya jiƙanshi," ta ce. "Ya sa ya huta. Ka yi wa Umma Haula gaisuwa kafin in kira ta."

"Ya yi maganarki yau da sahe. Ya ce..."

"Baba, mutane na jira na da kwanoni. Zan kira ka in na tashi. Ya yarana, su Mainassara, suna zuwa lakwal?"

"Suna zuwa."

"To. A gaishe su."

Ya daɗe da wayar a hannu bayan ta kashe.

Ana kiran magariba masu zaman makoki suka fara watsewa, kowa ya nufi masallaci daga nan ya wuce gida. Bayan an idar, Harisu ya fito ya ga Intalla tsaye shi kaɗai a bakin hanya, sandarsa a kafaɗa, yana duban gabas da yamma. Babu motar da za ta yi wajen Korahane sai gobe, kuma a duk faɗin Dakoro mutum ɗaya ya sani, shi ne wanda aka rufe ɗazu.

"Ina za ka kwana?"

"Masallaci na nan."

"Taho."

Ya shigar da shi zaure, ya kawar da buhunan gishirin da ya sauke da safe, ya share wurin da kansa, ya shimfiɗa sabuwar tabarma. Lami ta aiko da tuwon gero da miyar kuka, da ruwa a kwanon sha. Suka wanke hannu. Harisu ya yanko loma, sai ya lura baƙon bai taɓa abincin ba, yana zaune da hannunsa a kan amawalin da ya rufe masa baki, yana jira, domin mutanensu ba sa buɗe baki a gaban wanda suke jin nauyinsa. Sai Harisu ya gyara zama, ya juya fuskarsa wajen ƙofa, ya zuba ido a kan titi inda duhu ya fara sauka. Can ya ji motsin ƙyalle a bayansa, sannan ƙarar yatsu a cikin kwano.